Shekarar da Aka Ba Ni Tsaron Albasar Iri

Azumin bana ya faɗo cikin bazara, kuma tun da watan ya kama nake jin zuciyata tana komawa baya. Ranar Talata ina bayan ɗan kabu-kabu, mun baro Wurno za mu Goronyo, sai na hango rudun albasa a bakin hanya an lulluɓe shi da baƙar leda, an danne gefenta da duwatsu. Na daki kafaɗar ɗan kabu-kabun na ce ya tsaya. Na sauka da tsufana da azumina, na yi ta rafka sallama har mai gonar ya fito daga bukka yana murza ido.

"Lahiya, Malam?"

"Ina hwa lahiya! Cire ledar nan. Cire ta yanzu ina tsaye."

Ya dube ni, ya dubi ɗan kabu-kabu, yana son ya ji ko mahaukaci anka ɗauko mashi. Amma ya ga furfura, ya cire. Ban san shi ba, bai san ni ba, ko sunansa ban tambaya ba. Na koma bisa babur munka wuce.

Wanda bai tashi ƙasar albasa ba, rudu gado ne na itace da kara da ake ɗagawa sama da ƙasa kamar kamu biyu, a zuba albasa a kai, a yi mata jinkar ciyawa. Iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama, albasa ta yi watanni tana barci. Shekara talatin da 'yan kai ke nan da anka ba ni tsaron irin wannan rudu a fadamar Taloka, cikin wani azumi mai zafi irin na bana.

Shekarar ba ta zo da daɗi ba. Ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi, abin da munka samu bai kai rabin rumbu ba. Kafin bazara ta yi nisa Inna ta fara auna hatsi da ƙaramar ƙwarya, tana juya mana baya don kada mu gani. Baba kuma kurkunu ya kayar da shi, tsutsa biyu a ƙafa guda, yana kwance a zaure an naɗe kan kowace a tsinke ana ja kaɗan-kaɗan kowace safiya. Yaran yanzu ba su san wannan ciwo ba, Allah kada ya nuna masu. Ni ko na dawo daga kwalejin horon malamai da kunya, na ci komai na faɗi Ingilishi, ina jiran in sake rubutawa bayan salla.

Ranar da anka ga wata Baba ya kira ni.

"Umaru, ga ni kwance. Albasar kasuwa an kwashe, wadda tar rage bisa rudu ta iri ce. In ta kai sanyi mun dasa ta ta yi hure, muna da iri. In ba ta kai ba, shi ke nan, don babu mai ita ƙasar ga sai mu."

Gaskiya ya faɗa. Tun da anka gama dam ɗin Goronyo ma'aikatan gona sunka zo da wani iri mai manyan kawuna, kowa ya koma kansa. Tamu ƙarama ce, ja har ta yi duhu, wuyanta siriri, in an yanka guda a tsakar gida sai na zaure ya share ido. Kakanmu ya zo da irinta daga Rara ƙulle a bakin rawani. Baba ya ƙi sakinta, ana yi mashi dariya yana ji.

Na ce, "To Baba." A raina kuwa cewa na yi, tsaron albasa har wani aiki ne? Ni da na karanta kimiyyar noma a aji!

Kullum in an sallame asuba sai in ɗauki ƙamusuna in kama hanyar fadama. A wannan lokacin duniya na da ɗan sanyi, ƙasa na ƙanshin raɓar da ba ta sauka ba, balbelu na wucewa ƙasa-ƙasa za su gulbi. In na isa sai in ɗaga jinka, in bi albasa ɗaya bayan ɗaya yadda Baba ya nuna mani: a latsa wuya da babban yatsa, a sansana, a juya. Wadda ta yi laushi a fitar da ita tun ba ta shafa wa 'yan'uwanta ba. Ɓawonta na ƙara a hannu, busasshe, yana tashi in iska ta taɓa shi. Kafin hantsi na gama.

Daga nan sai rana. Wai! Zafin Goronyo na bazara ba a ba da labarinsa ga wanda bai sha ba. Gulbin Rima ya janye ya bar rairayi fari fat, kawalwalniya na rawa a kansa har ka rantse ruwa ne ya dawo. Tsuntsaye na zaune bisa reshe baki buɗe. Sai in rarrafa ƙarƙashin rudu in kwanta rigingine, haske na tsiyayowa ta tsakanin kara yana zane a ƙirjina, ƙanshin albasa na saukowa a hankali. Yunwa in ta kai wani wuri ba ta ciwo, sai dai ta sa mutum ya yi sakayau. In buɗe ƙamus, baƙaƙen su yi ta iyo, in yi barci ido biyu, in ga kamar rudun kwalekwale ne yana tafiya da ni bisa rairayi.

Maƙwabcin ruduna Bappa Sanda ne, abokin Baba tun suna yara. Ya yi gadi wurin Turawan da sunka yi aikin dam, ya kwaso Turanci da kunne, ko baƙi ɗaya bai iya karantawa ba. Bakinsa kuwa bai san azumi ba. Wata rana ya leƙo ya same ni ina ta maimaita abu guda.

"Kai ɗan boko, mi kaka ci nan ƙasa awa ɓera?"

"Kalma guda ce ta tsaya mani a wuya, Bappa. Keep. Shafi ɗaya da rabi, ita kaɗai."

"Kif? Kif ɗin banza? Ni da na ci shi shekara huɗu safe da marece!"

Ya gyara zama bisa wani tsohon tamfol kore da ya samo wurin aikin dam, wanda ba ya rabuwa da shi a fadama. Ya ce in Bature na son ka yi shiru, keep quiet. In ba ya son ka kusanci inji, keep off. In motoci sun yi layi bakin ƙofa, keep moving. In ya miƙo maka tsohon takalmi ka yi za ka mayar, ya ce keep it, ya zama naka ke nan. Ya ce har bisa buhun siminti an rubuta, wani akawu ya karanta mashi, keep dry, wato kada ruwa ya taɓa.

Ni kuma na karanto mashi na littafi. Akwai keep na ajiye abu a wuri, akwai na riƙe shi kada ka mayar. Akwai na kiwon kaji da awaki. Akwai na cika alkawari, da na ɓoye sirri, da na tsare shago. In an haɗa ta da wani aiki sai ta zama ci gaba da yinsa ba tsayawa. In an ce an yi keep ɗin mutum daga wani abu, an hana shi ke nan. Har azumin da muke ciki, Bature na iya cewa keep ɗinsa muke yi.

Bappa ya girgiza kai. "Ashe Bature matalauci ne wajen baki. Mu muna da ajiya, muna da riƙo, muna da kiwo, ga tsaro ga ɓoyo, shi dut ya tattara ya ɗora wa kalma guda awa jakin ɗan itace."

Na ce ai wannan shi ne wadatar harshen, na fara kawo mashi bayanin da malaminmu ya yi.

"To mi ya hana ka ci jarabawa?"

Ya yi dariya har da tari.

Haka munka yi ta yi kwana da kwanaki. Kowace rana ma'ana ɗaya ko biyu, ni in karanta, shi ya kawo inda ya taɓa jin ta, mu yi gardama har muryarmu ta dishe, sai mu kwanta kowa ya kama kallon kara. Ban taɓa koyon Turanci da daɗi irin na ƙarƙashin rudun nan ba. Wadda ta fi burge Bappa ita ce ta can ƙasan shafi, inda anka ce abinci ma yana keep, wato ya daɗe bai lalace ba, ba tare da an ambaci mai ajiye shi ba. Ya sa na maimaita sau uku.

"Wanga Bature ya taɓa noma," in ji shi. "Ita ka ajiye kanta. Kai dai naka ido."

A gida kuwa abin na ƙara tsanani. Shan ruwa kunu ne tsararo, sai tuwo ɗan mulmule da miyar kuka wadda ba ta ga mai ba. Gida mai rudun albasa, amma miyarmu ba albasa sai 'yar mai laushin da na tsinto, ita ma ba kullum ba. Wata rana Inna ta tare ni bakin madafa, murya ƙasa-ƙasa.

"Umaru, ko guda uku. Don bakin mahaihinka, ba ya iya cin komi."

"Inna, ta iri ce."

Ta dube ni ta koma ciki. Na ji zafi, amma kuma, in faɗi gaskiya, na ji wani girma ya hau kaina. Ni ne mai tsaro, ko uwata ba ta wuce ni ba.

Da munka shiga goman ƙarshe sai sama ta fara canzawa. Iska ta juyo daga kudu, mai nauyi, mai ɗanshi, gumi ya daina bushewa a jiki. Da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, yana walƙiya can ciki ba ƙara. A ranar Bappa ya tafi Rabah ta'aziyyar wani ɗan'uwansa, ya bar mani rudunsa in riƙa dubawa, ya bar tamfol ɗinsa a naɗe cikin bukkarsa.

Na tsaya ina kallon jinkarmu. Ta tsufa, Baba bai samu sabunta ta ba kafin ya kwanta, ni da ke kwana ƙarƙashinta da rana na san duk inda haske ke ɓullowa. In rana na shiga, ruwa ma zai shiga. Sai buhun simintin Bappa ya faɗo mani a rai, keep dry, rubuce da manyan baƙaƙe. Na ce ai wannan ilimi ne, tsofaffi ba su da tamfol ne shi ya sa suke fama da ciyawa.

Na jawo shi na lulluɓe rudunmu tun daga sama har ƙasa. Ban yi aikin wasa ba. Na ja igiya na zagaye, na ƙulla, na tara ƙasa na danne gefe-gefe yadda ko ƙadangare ba zai samu hanya ba. Na ja da baya na duba, na ji daɗin kaina. Rudun Bappa na bar shi da ciyawarsa, har ina tausaya mashi.

Ruwa bai sauka ba. Iska ta taso ta watsa hadarin, ta bar mu da zafin da ya fi na jiya. Washegari na zo zan kwance, na dubi gabas na ga gajimare na taruwa tun da hantsi, na ce bari dai. Na koma gindin wata tsamiya da ƙamusuna. Rana ta wuni bisa tamfol ɗin nan tun safe har marece, yana sheƙi, ina kallonsa daga nesa cikin magagin yunwa, yana yi mani kyau. Hadari ya sake haɗowa ya sake watsewa. Rana ta uku ma haka. Ƙullin da na yi ya yi ƙarfi, jikina ba ƙarfi, kuma zuciyata na ce mani abin da ke rufe ai yana cikin aminci.

Rana ta huɗu da hantsi Bappa ya dawo. Na hango shi tafe da sandarsa, na tashi ina murmushi in nuna mashi dabarata. Bai kai ga rudun ba ya tsaya cik, ya ɗaga hanci. Ya yar da sandar. Tsoho mai azumi ya sheƙa da gudu, ya zaro wuƙa ya yanke igiyar, ya fizge tamfol.

Wani tururi ya bugo mu, mai ɗumi, mai wari, har na ja baya ina toshe baki. Cikin tamfol ɗin jiƙe yake sharkaf, ruwa na ɗiga daga jinka. Ba ruwan sama ba ne, gumin albasar ne da ya rasa hanyar fita. Ɓawon nan mai ƙara ya zama laushi ya manne, wuyansu ya yi baƙi, na latsa guda yatsana ya nutse. Kafin mu ankara ƙudaje sun iso.

"Innalillahi," in ji Bappa. "Umaru, dahwa ta ka yi. Kwana nawa?"

"Uku."

"Abu mai rai! Kai in an rufe ka haka kwana uku, mi za ka zama?"

Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya durƙusa yana tsintar albasa shiru, wannan shirun ya fi mani zagi ciwo. Na ce ko za a iya shanya su. Ya ce in je in gaya wa mai su.

Tafiyar da na saba yi ba tare da na sani ba, ranar sai da na ji kowane taku. Na shiga zaure na durƙusa. Baba na jingine da bango, ƙafar bisa matashi. Ban buɗe baki ba ya kamo hannuna ya kai hancinsa. Ya daɗe riƙe da shi.

"Dukanta?"

"Ban sani ba, Baba. Tamfol na sa. Tsoron ruwa na ji."

"Ɗauko jaki."

Inna ta fito tana roƙonsa, rana ta take, ga azumi ga ƙafa. Bai saurare ta ba. Ni da wani maƙwabci munka ɗora shi, na ja akala, ƙafar na reto da tsinkayenta, yana cije leɓe duk inda jakin ya yi tuntuɓe.

Anka shimfiɗa mashi buhu gindin rudu. Muna miƙo mashi yana latsawa, yana sansanawa, yana ajiyewa. Tuli biyu ya yi, na ruɓaɓɓu da na masu sauran jiki. Da na ga tuli na biyu na girma sai raina ya fara dawowa, na ce, "Baba, ai waɗannan da ƙarfinsu." Ya ɗauki mafi kyawu a ciki, ja mai sheƙi, ya karɓi wuƙar Bappa ya raba ta biyu ya nuna mani. Can tsakiya, inda tsiro ke fitowa, ta yi ruwa-ruwa, launin ƙasa.

"Zahi ya kai ga zuciya," ya ce. "Ko guda ba ta ganin sanyi. Kwana bakwai dut sun bi sauran."

Bappa ya juya baya yana gyaran abin da bai lalace ba. Ni kuwa na fashe da kuka, ƙato da ni, mai shirin zama malamin makaranta. Na so Baba ya zage ni. Na so ya ɗauki sandar Bappa ya rafka mani. Sai ya ce a kawo buhuna, a kwashe masu sauran jiki a kai gida tun ba su wuce ci ba.

Da la'asar gidanmu ya koma kamar ana biki. Inna da maƙwabta mata sunka zauna da wuƙaƙe suna yanke ɓatacce suna tara mai kyau, hawaye na zuba kowa na dariyar kowa. Anka aika gida-gida da ƙwarya cike. Wata ta kawo ɗan man gyaɗa, wata ta kawo ƙuli-ƙuli. Ƙanshin suyar albasa ya tashi ya cika unguwa, ƙannena na tsalle suna leƙen tukunya, rabonsu da irin wannan ƙanshi tun kafin azumi. Ba su san komai ba, murna kawai suke yi.

Anka kira salla, munka sha ruwa. Inna ta ajiye akushi a zaure tsakanina da Baba, tuwo da miya jajir, albasa ce zalla har ta fi ruwan yawa. Na zauna na sunkuyar da kai. Baba ya yi bisimilla ya kai loma, ya tauna a hankali ido rufe. Rabon da in ga ya ci abinci haka tun kwanciyarsa. Ya buɗe ido ya ga hannuna na bisa gwiwa.

"Sa hannu."

"Ba ni iyawa, Baba."

Ya turo akushin gabana da bayan hannunsa.

"Ci, Umaru. Albasar kakanka ce. Ci a hankali ka san ɗanɗanonta, don ɗiyanka za su tambaye ka."

Na sa hannu. Wallahi ban taɓa cin miya mai daɗinta ba, kuma da ƙyar ta wuce.